Yadda Ake Shawo Kan Tashin Zuciya da Jiri Bayan Aikin Maƙoƙo

Mafi yawan waɗanda ake yi wa aikin maƙoƙo mata ne, shi ya sa zan yi magana da ke kai tsaye, da kuma wadda za ta kwana a kan tabarma gefen gadonki tana jinya. Namijin da aka yi wa aikin shi ma ya ɗauka da shi nake.

Kafin a shiga ɗakin tiyata, hankalin mutum yana kan wuƙa da tabo da abin da zai sami murya. Bayan an farfaɗo sai a tarar abin da ya fi damu wani ne daban: zuciya na tashi, yawu na taruwa, in an ɗaga kai sai ido ya rufe. Galibin wannan yana wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma akwai dabarun da ke saukaka shi. Sai dai a aikin wuya akwai abubuwa biyu masu haɗari da kan ɓuya a bayan amai da jiri, wato zubar jini a cikin wuya da faɗuwar sinadarin kalsiyam a jini. Mu kuwa an rene mu da haƙuri da kunyar damun mutane, ko jiki ya yi tsanani sai a ce "da sauƙi". A wannan jinyar, yawan "da sauƙi" na iya jawo asara.

Tun kafin ranar aiki

Idan mai ba da maganin barci ya zo duba ki, ki faɗa masa ko kina amai a mota, ko kin taɓa yin amai bayan wata tiyata, ko da ta haihuwa ce. Abubuwa huɗu aka sani suna ƙara yiwuwar amai bayan tiyata: kasancewa mace, rashin shan taba, tarihin amai a mota ko bayan tiyata, da amfani da magungunan ciwo masu ƙarfi. Yawancin matanmu suna da biyu daga ciki tun kafin a fara, aikin maƙoƙo kuma shi kansa yana cikin ayyukan da amai ya fi bi. In likita ya sani, yakan saka maganin hana amai iri biyu ko fiye tun kina barci, wannan kuwa ya fi a jira sai aman ya zo. Ki kai masa duk maganin da kike sha a cikin kwalinsa, musamman na hawan jini da na suga da wanda aka ba ki don rage bugun zuciya in maƙoƙonki mai guba ne, wato irin wanda ke fitar da sinadarinsa fiye da kima.

Daren farko

Ki kwanta kanki a sama, a ɗaga kan gadon ko a jera filo biyu ko uku tun daga kafaɗa, kada a tokare kai kawai wuya ya lanƙwashe. Kwanciyar nan tana rage kumburi, tana kuma rage tashin zuciya.

Da kin ji zuciya ta fara tashi, a kira nas nan take. Kada a jira a ga ko zai wuce. Kakarin amai yana cika jijiyoyin wuya da jini, kuma jijiyoyin nan ɗazu aka ɗaure su. Zubar jini bayan wannan aikin ta fi faruwa a awanni 24 na farko, galibi ma a farkon su. Saboda haka allurar hana amai a daren nan tana kare ɗinkin da ke ciki ne, ba jin daɗi kawai take kawowa ba. Mai jinya, ki tashi ki je teburinsu ki ce, "Sista, don Allah zuciyarta na tashi, aikin wuya ne." In wadda aka yi ba ta kama ba, a koma a faɗa, akwai wani irin.

In aman ya zo duk da haka, ki zauna ko ki juya gefe, kada ki yi shi kina rigingine. Ki sa tafin hannu ɗaya a bayan wuya ki tallafe kai, mai jinya ta riƙe roba kusa da bakinki don kada ki miƙa wuya. Bayan an gama, ki kurkure baki, sannan mai jinya ta haska wuyan da fitilar waya ta duba: bandejin ya jiƙe da jini? Wuyan ya ƙara girma ko ya yi tauri? In akwai robar da ke fitar da jini, ta cika da sauri? Idan wuya na kumbura, ko kina jin kamar ana shaƙe ki, ko numfashi ya fara ƙara, ko haɗiyar yawu ta gagara farat ɗaya, ko kin kasa zama wuri ɗaya don firgici, wannan lokacin ɗaga murya ne. A tada kowa. Jinin da ya taru a wuya yana toshe hanyar iska cikin ƙanƙanin lokaci, maganinsa kuma a buɗe ɗinkin, aikin likita ne.

Tsakanin allura da allura, numfashi a hankali ta hanci a fitar ta baki yana taimakawa. Haka tsumma mai sanyi a goshi, da fifita. Wasu suna samun sauƙi in sun shaƙi 'yar audugar nan mai sifirit da nas ke goge fata da ita kafin allura. Akwai kuma wani wuri a cikin hannu, faɗin yatsu uku daga gaɓar wuyan hannu, tsakanin jijiyoyi biyu da ke tasowa in an dunƙule hannu. A danna shi da babban yatsa na minti biyu ko uku.

Fara sha da ci

Sai an ba da izini. In an ba da, a fara da kurɓi ɗaya na ruwa, a jira minti biyar zuwa goma, a sake. Ƙishirwa za ta sa ki so ɗaga kofi gaba ɗaya, to cikin da ya wuni babu komai ba ya karɓar haka. Maƙogwaro zai yi zafi saboda bututun numfashi da aka saka, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma idan duk kurɓin da kika yi sai kin ƙware kina tari, ki ɗan sunkuyar da haɓa lokacin haɗiya, ki kuma faɗa wa likita, domin jijiyar murya tana kwance ne daf da wurin da aka yi aiki.

Ruwa ya zauna, sai koko ko kunu mai ruwa-ruwa, mai ɗumi ba mai zafi ba, ludayi biyu ko uku. Daga nan farar shinkafa mai laushi, dankali dafaffe, ayaba, biredi a shayi, romon kaza da aka kwashe mansa, tuwo mai laushi da miyar kuka marar yaji. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida ya fi cika kwano sau biyu, kuma yunwa ita ma tana tada zuciya, kada a bar ciki wayam. Soye-soye da maiƙo da yaji su jira. Na san za a aiko da farfesu mai barkono daga gidaje da yawa, don a wurinmu shi ne abincin mai jinya. A karɓa a yi godiya, a ba masu jinya su sha. Fura da nono tana da nauyi a rana ta farko, amma daga rana ta uku, in an dama ta da ruwa-ruwa da nono mai tsabta, abinci ce mai kyau, nonon ma yana ɗauke da kalsiyam. 'Yar citta kaɗan a ruwan ɗumi tana kwantar da zuciya. Kaɗan na ce, ba irin haɗin shayin mai shayi ba. Bayan cin abinci ki zauna rabin awa kafin ki kwanta.

Sai maganar ƙamshi, wadda ba a cika faɗa a asibiti ba. 'Yan dubiya za su zo da humra da turare a jiki, a gida kuma za a so a turara ɗaki don baƙi. Hancin wadda ta tashi daga maganin barci ba ya jure wannan. Mai jinya ta ɗauki nauyin faɗa, cikin ladabi: "Gwaggo, ku yi haƙuri, ƙamshi na sa ta amai, likita kuwa ya hana ta kakari." A ɗaga turaren wuta na mako guda, a buɗe taga, a nesanta janareto da murhun suya daga ɗakinta.

A duba magungunan

Sau da yawa maganin da aka bayar shi ne tushen damuwar. Tiramadol da fentazosin da kodin duk suna sa tashin zuciya da jiri da taurin bayan gida. Ciwon aikin maƙoƙo ba shi da tsanani sosai ga yawancin mutane, bayan kwana ɗaya ko biyu farasitamol kan wadatar, don haka ki tambayi likita ko za a iya sauke mai ƙarfin. Flagyl, in an ba ki, yana sa ɗacin baki da tashin zuciya. A sha shi bayan abinci, kada a daina ba tare da an tambaya ba. Asfirin da ibufurofen da dikilofenak kada a sayo su a kemis da kai, suna cin ciki kuma suna iya ƙara zubar jini. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe su ma a ajiye su, ba a san abin da za su yi da magungunan asibiti ba.

Maganin aman shi ma yana da nasa. Phenergan yana sa barci da jiri. Maxolon kuwa, musamman ga 'yan mata da matasa, wani lokaci yana sa wuya ya karkace, haƙora su datse, idanu su juye sama. Wanda bai sani ba zai ce iska ce. A daina shan sa a koma asibiti, akwai allurar da ke warware shi.

Yadda ake tashi

Jirin kwanakin farko yawanci na tashi tsaye ne: an yi azumin tiyata, an rasa ɗan jini, an daɗe a kwance, sai jini ya kasa hawa kai da sauri. Ana tashi ne hawa-hawa. Kina kwance ki motsa ƙafafu, ki lanƙwasa ki miƙe sau goma. Ki juya gefe gaba ɗayanki, kai da kafaɗa tare. Ki tallafi bayan wuya da hannu ɗaya, ki dogara da ɗayan ki zauna, ƙafafu a ƙasa. Ki zauna minti ɗaya ko biyu, idonki a kan abu guda. Sannan ki miƙe kina riƙe da mutum, ki tsaya kaɗan kafin taku na farko. Ido ya yi duhu ko kunne ya ɗauki ƙara, koma ki zauna, ko ki kwanta a ɗaga miki ƙafafu.

Kada tsoron jiri ya sa ki lizimci gado. Yawan kwanciya yana ƙara shi. 'Yar tafiya a baranda sau uku ko huɗu a rana, da mai riƙe ki, ita ce ke dawo da jiki.

Banɗaki ne wurin da aka fi faɗuwa. Tashi daga tsugunno yana kawo jiri ko ga mai lafiya. Kada ki sa sakata, mai jinya ta tsaya a bakin ƙofa, a ajiye abin dafawa. Wanka a zaune kan kujera, da ruwa mai ɗumi kaɗan, domin ruwan zafi yana rage jinin da ke hawa kai ya ƙara jirin.

Salla ma haka. Ruku'u da sujada suna sa jini ya taru a wuya, ɗagowa kuma ta kawo jiri. Hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne: a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Ki yi a zaune kina nuni har likita ya ce wuyan ya yi ƙwari.

Akwai wani jiri daban, juwa, inda ɗaki ke zagayawa in kin juya kai a kan filo, ya yi ƙasa da minti ɗaya ya tsaya. Wannan daga cikin kunne yake, kuma yana iya biyo bayan daɗewar da kai ya yi a tanƙware baya lokacin aiki. Ana gyara shi da wata dabarar jujjuya kai a asibiti. Kada ki gwada ta daga bidiyon waya da sabon ɗinki a wuya.

Kalsiyam: nan ne ake son ido

A bayan ƙwayar maƙoƙo akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace kamar girman ƙwayar shinkafa, su ke riƙe da ma'aunin kalsiyam a jini. In an cire maƙoƙon gaba ɗaya, ko da likita ya kiyaye su, sukan yi sanyi na ɗan lokaci. Kalsiyam sai ya sauka, yawanci tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan aiki, wato daidai lokacin da ake shirin sallama ko an riga an koma gida. Wadda aka cire wa gefe ɗaya kawai ba ta cika samun wannan ba, don haka ki tambayi likita tun a asibiti: duka aka cire ko rabi?

Alamar farko tana zuwa a leɓe da kan yatsun hannu da na ƙafa, su sage ko su riƙa tsira kamar allura. Sai jiri da rashin natsuwa, tsokar ƙafa ta riƙa ɗaurewa, in ya yi nisa yatsu su sanƙare su haɗe, har ya kai ga maƙogwaro ko jijjiga. Tsofaffinmu ba za su kawo ƙarar leɓe ba, suna ganin ƙaramin abu ne. Sai an tambaya da suna. In kika ce "Inna, ya jiki?" za ta ce "Da sauƙi, ɗiyata." Ki ce, "Inna, leɓɓanki fa, mi kika ji? Yatsun sun sage?" Safe da yamma, har mako ya cika.

In an ba ki ƙwayar kalsiyam, ko tare da ƙaramar ƙwayar bitamin D mai ƙarfi, ki sha yadda aka rubuta ko da kina jin garau. A sha ta tare da abinci, ta fi shiga jiki kuma ba ta tada zuciya sosai. Kafin sallama ki nemi likita ya rubuta miki abin da za ki yi in leɓe ya fara sagewa. In kin bi abin da ya ce alamar ba ta sauka ba, ko amai ya hana ƙwayar zama, ko hannu ya sanƙare, a tafi asibiti a daren, a auna jini, a ba da ta jijiya. Nono da madara ba sa maye gurbin wannan.

Saboda haka ne nake ba wadda ta zo daga Illela ko Tambuwal ko Goronyo ko Isa shawarar ta sauka gidan dangi a cikin garin Sakkwato na mako guda bayan sallama, inda za a iya kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru cikin mintuna. Ranar komawa gida a nemi mota, ta zauna gaba, gilashi a ɗan buɗe, ɗan tawul a naɗe a bayan wuya. Kabu-kabu bai dace ba sam.

Zafin gari da ruwa

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, mutum na zaune ruwan jikinsa na ƙarewa. Da hunturu ma iska na busar da jiki ba tare da an ji ƙishirwa ba. Ki nufi kamar lita 2 a rana, wato ledar fiya wata huɗu, ki ƙara in ana zufa, sai fa in likita ya taƙaita miki ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Fitsari ne ma'auni: in ya yi ja kuma kaɗan, ruwa bai isa ba. Bayan amai, a haɗa ruwan gishiri da suga na leda kamar yadda aka rubuta a jikinta, a riƙa kurɓa. Mai shan maganin hawan jini a auna mata a zaune da a tsaye, a nuna wa likita. Mai suga a auna sugan duk lokacin da jiri ya zo da zufa da rawar jiki, don rashin cin abinci da shan magani suna faɗar da shi.

Daka, jan guga, ɗaukar kaya a ka, goyo, duk su jira aƙalla mako biyu. Tuƙi sai jiri ya tafi kuma wuya na juyawa ba tare da ciwo ba. In aikin ya faɗo kusa da azumi, Alƙur'ani ya ba marar lafiya damar ramawa a wasu kwanaki, wadda ke shan kalsiyam sau uku a rana kuma tana jiri tana cikin waɗanda aka yi wa wannan sauƙin.

Zazzaɓi da amai kada a yanke cewa maleriya ce a sayo magani. A gwada jini, a duba ɗinkin. Wadda maƙoƙonta mai guba ne, in ta yi zazzaɓi mai zafi da bugun zuciya da sauri da ruɗewa, a garzaya da ita. Haka duk aman da ya wuce awa 24 ko ya hana ruwa zama, da suma, da ciwon ƙirji, da jirin da ya zo da karkacewar baki ko nauyin harshe ko mutuwar ɓarin jiki.

In jirin ya wuce mako biyu

Nan hankali ya koma kan tairoksin, ƙwayar da ke maye gurbin aikin abin da aka cire, wadda ake samu da sunaye irin su Euthyrox da Eltroxin. Wadda aka cire wa duka za ta sha ta har ƙarshen rayuwa. Ana shan ta da ruwa zalla, ciki babu komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Bayan sallar asuba lokaci ne mai kyau da ba a mantawa. Tsakaninta da ƙwayar kalsiyam ko ta ƙarin jini a bar awa 4, in ba haka ba suna riƙe ta a hanji ta fita ba ta yi aiki ba. Kofi da madara da awara su ma suna rage shigarta, a bar su sai hantsi. A ajiye ta a wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da taga. In kin yi amai bayan kin sha, kada ki ninka da kanki. Tana daɗewa a jiki kusan mako, rashin ta kwana ɗaya ba ya kayar da mutum.

In ta yi yawa, za ki ji faɗuwar gaba, zufa, rawar hannu, rashin barci da jiri. In ta yi kaɗan, kasala, jin sanyi, taurin bayan gida, nauyin kai. Ba a gane adadin da ya dace da ji, sai da gwajin jini na TSH, wanda ake yi mako 6 zuwa 8 bayan farawa ko bayan duk wani canji. Ranar komawa asibiti ki riƙe kwalayen magungunanki duka, da takardar da mai jinya ta riƙa rubuta lokacin da jiri ke zuwa da abin da kike yi sa'ad da ya zo, ki kuma nemi a haɗa da awon kalsiyam da na yawan jini.